Ɗaki Kusa Da Injin Wanki

Kwana tara takardar ta yi a ƙarƙashin filon Auta, kuma babu ranar da ba ta ciro ta ta sake karantawa ba, kamar mai jiran rubutun ya sauya da kansa.

Kamfanin da ke ɗaukar ma'aikatan jinya zuwa ƙasar waje ne ya ba ta, bayan ta ci jarrabawarsu ta ƙarshe. Layi biyu kawai suka rage ba ta cike ba. Na farko yana tambayar garin da take so a kai ta: babban birni, ko wani ƙaramin gari a bakin teku, tafiyar awa goma sha ɗaya a jirgin ƙasa daga birnin. Na biyu yana tambaya ko ita kaɗai za ta tafi, ko da miji.

"Ki yi tunani da kyau," in ji matar ofishin ranar da ta miƙa mata. "Garin da kika zaɓa, shi ke nan har shekara uku. Ranar Alhamis da azahar muke rufewa."

Layin miji bai taɓa ba ta wahala ba. Tun tana ajin farko a makarantar jinya zuciyarta ta rubuta mutum ɗaya a wurin, wanda kowa a unguwa ke kira Injiniya, duk da shekara biyar ke nan da gama karatunsa bai gina ko kwalbati ba. Dogo ne, mai sanyin murya, irin mutanen da in suka ce "yi haƙuri" sai ka ji kamar kai ne ka yi laifin.

Shi ne kuma mutumin da ya taɓa barin ta a tsaye.

Baban Auta mai wanki da guga ne. Shagonsa ɗaki biyu ne a bakin titi: na gaba teburin guga da kantar jera kaya, na baya baho uku da igiyoyin shanya. Bai yi boko ba, don haka zare ne littafinsa. Kowane gida da alamarsa a cikin kalmasar riga, inda ido ba ya gani. Gidan su Injiniya jan zare ne, ƙulli biyu. Shekara ashirin da shida Baba yana ɗinka wannan ƙullin a kayansu, tun Injiniya yana cikin zanen goyo.

Shekara uku da suka wuce, da Injiniya ya faɗa wa mahaifiyarsa Hajiya wadda yake so, an yi dace babbar yayarsa ta zo hutu daga ƙasar waje. Yaya ba ta aiko ba, da ƙafarta ta zo shagon. Ta tsaya daga bakin ƙofa, ta toshe hanci da gefen mayafi saboda tururin sitaci.

"Malam, ka ja wa 'yarka kunne. Ƙwarya ta bi ƙwarya. Mutumin da ya san datti nawa ne a wuyan rigar gidanmu ba zai zama surukinmu ba."

Auta tana ɗakin baya, hannunta cikin kumfa. Ta ji Baba ya ce, "To, ranki ya daɗe." Ta ji ƙarar dutsen guga ta ci gaba. Da ta leƙo, wani mayafin Yayar ne ma a kan teburin, yana bin gefensa a hankali kada ya ƙone.

Daga ranar Injiniya ya yi ɓatan dabo. Babu waya, babu saƙo, babu ko gaisuwa a hanya. Kayan gidansu dai ba su daina zuwa ba duk Asabar, Baba kuma bai daina karɓa ba.

"Baba, don Allah me ya sa?" ta taɓa tambayarsa tana kuka.

"Rigar ba ta zage ni ba, Auta."

Sai ga shi wata biyu da suka wuce, labarin tafiyarta ya zaga unguwa, Injiniya ya bayyana a ƙofar asibitinsu da idanu jajaye. Ya ce shekara uku bai yi barcin kirki ba. Ya ce Hajiya ta sauko, Yaya ta yi nadama. Auta ta so ta tofa masa yawu, amma da ya ce "Nas ɗina" da muryar nan tasa, sai ta tsaya tana sauraronsa. So hana ganin laifi. Kafin wata ya ƙare an sa ranar aure, sati biyu kafin tashinta, Hajiya kuma ta koma kiranta "'yata".

Yaya da kanta ta turo bidiyo daga babban birnin, inda take zaune da iyalinta. Tana tafe tana nuna gidan, muryarta kamar zuma.

"Ga falo, ga kicin, ga ɗakin yarana uku. To ga naku nan, a ƙasa. Kin ga babu mai damun amarya da ango. Me za ki je yi wani ƙauyen bakin teku, inda ba ki san kowa ba? Ga gida, ga 'yan'uwa."

Ɗakin yana ƙarƙashin bene. Tagarsa 'yar ƙarama ce can sama, ana ganin ƙafafun masu wucewa. Daga ƙofarsa taku biyu ne zuwa injin wanki, da kwanduna huɗu cike da kaya, da teburin guga a miƙe. Auta ta ga duk wannan, ta kuma ce wa zuciyarta ta yi shiru. Ai ko a kango ne, in da shi, gida ne.

Ranar Asabar ba ta da aiki a asibiti, sai ta sauko shago kamar yadda ta saba. Tun tana shekara bakwai aikinta ɗaya ne: juya aljihu. Dokar Baba ce, ba a jiƙa riga sai an laluba ta. Abin da aka samu kuma, ko allura ce, a sa a ambulan a miƙa wa mai shi hannu da hannu. "Aljihun mutum cikinsa ne," yakan ce. "A kwashe, kada a leƙa."

Ta kwance ƙunshin mai jan zare. Ta ɗaga farar rigar da Injiniya ya sa ranar Laraba da ya zo wurinta, har ta kai ta hanci tana murmushi. A aljihun ƙirji ta ji takarda.

Ba ta yi niyyar leƙawa ba. Amma an ninke ta ne rubutun yana waje, kuma a saman, da hannun da ta fi sani a duniya, hannun da ya rubuta mata wasiƙu goma sha bakwai, an rubuta: *Maganar Nas, yadda Yaya ta ce.*

Ta buɗe.

*Ta zaɓi birni. Kada a bari ta ji daɗin maganar garin teku, can asibiti ke ba su ɗaki nasu.*

*Ta nemi aikin dare, don ta riƙa kai yara makaranta ta ɗauko su.*

*Mai aikin Yaya za ta tafi ƙarshen wata, ba za a ɗauki wata ba.*

*Wanki da guga nata ne. Ai gado ne.*

*Fasfo ɗinta a wurin Yaya zai zauna.*

A gefen kowane layi an yi 'yar alamar da ɗalibi ke yi in ya gane darasi. Can ƙasa kuma, da wani biro daban, layi ɗaya:

*Shekara biyu takardata ta tsaya da ƙafarta. Daga nan sai abin da hali ya yi.*

Sau uku ta karanta layin ƙarshen. Yaya ba za ta ce "takardata" ba. Wannan ba shifta aka yi masa ba, daga cikinsa ya fito. Takardar izinin zamansa a ƙasar yake nufi, wadda aurenta zai samar masa.

Ba ta yi kuka ba. Mutanen nan shekara ashirin da shida suna tura kayansu shagon nan da makullai da katunan asibiti da wasiƙu a aljihu, ba su taɓa tunanin akwai ido a nan ba. A wurinsu mai wanki hannu ne kawai.

"Auta, kin samu wani abu ne?" Baba ya tambaya daga ɗakin gaba.

"Takarda ce, Baba."

"Sa a ambulan."

"Na karanta."

Ƙarar guga ta tsaya. Ya shigo yana goge hannu a gaban riga, ya kalli fuskarta, bai yi mata faɗan karya doka ba. Ya jawo bokiti ya kifa, ya zauna.

"Karanta mini."

Ta karanta masa tun daga sama. Da ta zo kan "ai gado ne" sai ta tsaya, ta sake ɗauka. Baba ya daɗe yana kallon hannayensa, fatar da sabulu ya cinye, yatsun da dutsen guga ya tabo.

"Me za ki yi?"

"Zan tambaye shi, Baba. Sau uku. In ya ce mu je inda babu kowa, ni da shi, wallahi zan ƙona takardar nan in mutu ban faɗa wa kowa ba."

"In bai ce ba fa?"

Ta ninke takardar yadda ta same ta.

"Sai in mayar wa mai kaya kayansa. Hannu da hannu, yadda ka koya mini."

Ranar Litinin da la'asar ya zo ɗaukarta a motar Hajiya. Ya tsaya ƙarƙashin bishiyar da ke gefen ƙofar asibiti, ya miƙo mata lemo mai sanyi, har ya buɗe mata murfin.

"Nas ɗina ta gaji. Ki bari mu isa can, ba za ki ƙara shan rana ba."

"Injiniya, ina so mu yi magana a kan garin nan."

"Ai mun gama. Ko Yaya ba ta turo miki bidiyon labulen da ta saya ba?"

"Na tambaya a ofis. Sun ce garin tekun akwai ɗaki da kicin na ma'aikata, daga tagar ana ganin ruwa. Makulli biyu suke bayarwa, ɗaya nawa ɗaya naka. Babu kowa sai mu. Mu je can mana."

Ya yi dariya, ya girgiza kai. "Ke dai yarinya ce. Wa ke barin gida ya tafi daji? Can fa sanyi ne ke kashe tsuntsu a sama. In kin yi zazzaɓi wa zai dafa miki ruwan zafi?"

"Kai."

"Ni da ko shayi ban iya ba?"

Ɗaya ke nan, ta ce a ranta.

"Ka tuna wasiƙarka ta uku? Ka ce ko a ƙarƙashin gada ne za ka zauna da ni, muddin babu mai raba mu. Ban ce gada ba. Ɗaki na ce, mai taga."

"Wannan ai zancen ƙuruciya ne." Ya ɗan ɓata rai. "Ko dai don mai maganin nan ne? Na ji ai can aka kai shi bara. Wanda ya yi ta zarya a kanki."

Mai maganin asibitinsu ne yake nufi, mutumin da ya nemi aurenta sau biyu a shekarun da Injiniya ya ɓace, ta ce masa zuciyarta ba a hannunta take ba. Auta ta ji kamar an watsa mata barkono a ciwo. Ta ƙi mutumin kirki saboda wannan, ga shi yau wannan ɗin ne ke yi mata gori da shi.

Biyu.

Hawayen da suka ƙi zuwa ranar Asabar suka zo yanzu, masu zafi. Ta bar su suna zuba, ta juyo ta kalle shi sosai.

"Don girman Allah, Injiniya. Shekara uku ina jiranka kamar mahaukaciya. Ƙawayena sun yi mini dariya, Baba ya daina ambaton sunanka don kada in yi kuka. Ban taɓa roƙonka komai ba, ko ranar da yayarka ta tsaya a ƙofar shagon ubana. Yau ina roƙo. Ka zaɓe ni sau ɗaya. Ka ce wa Yaya mun gode, mu tafi inda zan rufe ƙofata in buɗe ta da hannuna."

Ya ciro hankici, ya share mata fuska a hankali. Hankicin ma Baba ne ya goge shi, ta ga kaifin ninkin.

"Haba Nas ɗina. Kina so ki raba ni da 'yar'uwata tun ba a ɗaura ba? Yaya fa uwa ce. Duk abin da take yi don ke take yi. Ki cike birni kawai, ki ga yadda za a riƙe ki kamar ƙwai."

Ta karɓi hankicin, ta gama share idonta da kanta.

"Shi ke nan. Na ji."

"Yauwa matata. Hajiya ta ce ki zo gida ranar Alhamis da safe ki cike a gabanta, Yaya tana kan waya, a sa albarka, sai in kai ki ofis."

"Zan zo," in ji ta. "Zan ma taho muku da wankinku."

Ranar Laraba da safe, kafin ta shiga aiki, ta biya ofishin kamfanin. Ta cike layi biyun a tsaye, a kan kantar ofishin. Matar ofishin ta duba, ta ɗago gilashinta.

"Ba ke ce aka ce za ki yi aure ba?"

"An ce."

"In na shigar, babu gyara fa. Ko kin dawo kina birgima."

"Shigar, Anti."

Matar ta danna, injin ya turo takardar shaida da ɗuminta. Auta ta fito titi tana jin ƙirjinta kamar an cire haƙori: zafi, da kuma rami, da wani sauƙi da ta ji kunyar jinsa.

Ranar Alhamis ta sa fararen kayan aikinta, waɗanda Baba ya goge har suna ɗaukar ido. Ƙunshin gidan su Injiniya yana kan kanta, an ɗaure tsaf. Ta lura ya fi na kullum girma, kuma Baba ya daɗe a kansa jiya da reza a hannu, amma hankalinta ba ya wurin.

"A gaishe su," shi ne kawai abin da ya ce.

Tun tana ƙarama ta ƙofar baya take shiga gidan da kaya, ta kicin. Yau ta danna ƙararrawar ƙofar gaba, ƙunshin a kanta.

Hajiya ta buɗe, fuskarta ta ɗan motsa kafin ta gyara murmushi. "A'a, 'yata, ke da kanki? Ai da kin bari an aika. Shigo, shigo."

Falon ya sha turare. An jingina waya da tulun furanni a kan tebur, fuskar Yaya ta cika ta, da janbaki tun da safe. Injiniya yana gefe da biro a hannu, har ya cire murfin.

"Amaryarmu," in ji Yaya. "Kin ga na sa an share ɗakin jiya. Yara sai tambaya suke yaushe Anti za ta zo."

"Allah sarki," in ji Auta. Ta sauke ƙunshin a tsakiyar kafet, ta zauna a kujera, ba a ƙasa ba. "Yaya, mai aikinki fa? Tana nan?"

"Tana nan. Me ya kawo maganarta?"

"Na ji za ta tafi ƙarshen wata ne. Na ce kada ki sallame ta tukuna."

Biron ya tsaya a hannun Injiniya.

"Ina takardar, 'yata?" Hajiya ta katse. "Kada azahar ta yi."

"Takarda biyu na zo da su, Hajiya. Bari in fara da amanar mutane." Ta buɗe jakarta ta ciro farin ambulan. "Dokar shagonmu ce, abin da aka tsinta a aljihu a mayar wa mai shi hannu da hannu. Injiniya, ga naka. Ya ɗan yamutse, na goge maka. Ai gado ne."

Bai miƙo hannu ba.

"Mene ne?" in ji Hajiya. "Karɓi mana."

"Ko in karanta, tunda Yaya tana nesa?"

Ba ta buɗe ambulan ɗin ba, ba ta bukata. Ta karanto shi da ka, layi bayan layi, da muryar da take karanta wa likita bayanin majiyyaci. Birni. Aikin dare. Mai aiki. Wanki da guga. Fasfo. Da ta zo layin ƙarshe ta juya ga wayar.

"Wannan na ƙasan ban sani ba ko kin san da shi, Yaya. Ya ce shekara biyu takardarsa ta tsaya da ƙafarta, daga nan sai abin da hali ya yi. Ban gane ba ko ni kaɗai za a bari, ko har da ɗakinki na ƙasa."

"Kai, ka rubuta?" Muryar Yaya ta fashe daga wayar, zumar ta ƙare. "Na ce ka riƙe a kai, ka je ka rubuta? Ka kuma bar shi a riga? Wai kai wane irin sakarai ne?"

"Yi shiru," Hajiya ta daka mata tsawa, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Ta juyo da sauri. "'Yata, ki saurare ni. Zancen waya ne, shirme ne na yara. Ai kowace amarya tana taimaka wa dangin miji."

"Har da ajiye fasfo, Hajiya?"

Injiniya ya zame daga kujera ya durƙusa. Hawaye na gaske ne a idonsa, wannan ne ma ya fi yi mata ciwo.

"Nas ɗina, wallahi ina sonki. Shekara biyar ina zaune, ƙannena suna fita aiki ina kallo. Na rasa yadda zan yi ne. Na yarda, mu je garin tekun. Yanzu ma ki cike, ga biro. Ba ruwana da kowa."

Ta kalli biron. Da ranar Litinin ya faɗi haka, da yanzu takardar nan toka ce. Ta ji zuciyarta ta miƙa hannu gare shi kamar yaro ya ga wuta, ta kama ta ta mayar.

"Sau uku na tambaye ka a mota. Ina kuka na tambaye ka. Ka share mini hawaye da hankicin da ubana ya goge, ka ce in cike birni." Ta ciro takarda ta biyu, ta ajiye a tebur, a gaban wayar. "Na cike jiya. Yaya, kina iya gani ko in matso da ita? Garin teku. Layi na biyu kuma, ni kaɗai."

"A gyara," in ji Hajiya. "Ai azahar ba ta yi ba. Tashi ka kai ta."

"Ba a gyarawa. Ko na je ina birgima, haka matar ta ce."

"Wurin mai maganin nan za ta," in ji Yaya. "Da ma na faɗa muku. Ɗan mai wanki ko an yi masa wanka da madara..."

"Asibiti ne ya kai shi, asibiti zai kai ni. In Allah ya haɗa mu a bakin teku, shi dai bai taɓa rubuta ni a takarda ba." Auta ta miƙe, ta gyara zaman jakarta. "Kin yi gaskiya tun farko, Yaya. Ƙwarya ta bi ƙwarya. Ni na yi taurin kai. Yanzu na ji maganarki."

Ta cire zoben baikon da aka sa mata, ta ɗora a kan ambulan ɗin da har yanzu babu wanda ya taɓa.

Hajiya ta rasa inda za ta sa hannunta, sai ta kai shi kan ƙunshin, ta fara kwancewa kamar mai neman abin da zai cece ta. Kaya suka baje: na wannan satin, da labulen da aka kai tun watan jiya, da manyan rigunan marigayi maigidan da Baba ke ajiye musu a shago saboda asu. Komai nasu ya dawo. Ta ɗaga wata riga, ta juya kalmasar bisa sabo, ta tsaya. Ta ɗaga wata. Ta ɗaga mayafi.

"Ina zaren?"

Auta ta sunkuya ta duba. A cikin kowace kalmasa, inda jan ƙulli biyu ya zauna shekara ashirin da shida, babu komai sai ƙananan huda biyu na allura. Abin da Baba ya yini yana yi da reza ke nan. Riga bayan riga, bai yanki ko zare ɗaya na yadin ba.

Ta miƙe tsaye. Ba za ta ƙara zubar da hawaye a falon nan ba.

"Baba ya ce a gaishe ku," in ji ta.

Ta fita ta ƙofar gaba. Tana jin Yaya tana kiran sunan ƙaninta daga wayar, tana jin shi yana kiran nata, ba ta waiwaya ba.

Da ta isa shago Baba yana guga, tururi ya rufe masa fuska. A kan kantar shagon akwai wani murfin kwalba cike da guntayen jan zare. Bai tambaye ta yadda aka yi ba. Ya nuna mata gefe da haɓa, inda ya jera sababbin fararen kayan aikinta guda shida da wata rigar sanyi mai kauri da ba ta san ya saya ba.

Ta juya kalmasar rigar sanyin. Shuɗin zare ne, ƙulli ɗaya, alamar da ba ta taɓa gani a shagon ba.

"Na wane gida ne wannan, Baba?"

Ya kifa dutsen guga a mazauninsa, ya goge gumi.

"Naki. Kin ce makulli biyu suke bayarwa ko? Ki riƙe duka biyun a aljihunki, har sai kin ga wanda ya isa. Kuma ki riƙa lalubawa kafin ki jiƙa."

Sai a lokacin Auta ta kifa fuskarta a cikin rigar, ta yi kukan da ta hana mutanen can gani.